Mangwaro Biyar a Kangon Kyauta

"Salati da albasa kawai ya ce ka ba ruwa," in ji Inde, tana kwance igiyar da ke riƙe da ƙyauren lambun. "Na can baya ka bar su, wai ba su son ruwa yanzu."

Gwamna ya dire gwangwanayen ban ruwa guda biyu, waɗanda mijinta ke kira arozuwar, ya dube ta.

"Wace irin shuka ce ba ta son ruwa cikin rani, Inde?"

"Ni dai abin da anka aiko ni da shi ke nan."

Ta faɗa ba tare da ta ɗaga ido ba, ta ja mayafi ta koma gida wajen marar lafiya.

Gwamna suna ne kawai, mutumin bai taɓa mulkin ko akuya ba. Manomi ne, ɗan asalin Madarunfa, mai gonar gero a hanyar Gabi. Malam Habibu kuwa, mijin Inde, baƙo ne. Daga gabas aka turo shi koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, tun gashin kansa yana baƙi, mai gari ya ba shi aron gida jikin gidan su Gwamna, ya zauna a ciki har ya aje aiki. Bayan gidajen biyu akwai kango, inda gidan Kyauta mahaifin Gwamna yake kafin ruwan wata damina ya kwantar da shi. Nan aka binne cibiyar Gwamna, nan kuma ɗansa Hamisu, da ke ci-rani a Najeriya, ya ce zai yi gini in Allah ya dawo da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Malam ya zo da sallama ya roƙi aron wurin, wai zai ɗan shuka ganyen miya. Gwamna ko tunani bai tsaya yi ba ya ce a je a shuka.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san dokar aron ƙasa. Ka shuka abin da za ka tuge cikin shekara: tumatur, kuɓewa, yakuwa, duk abin da ka ga dama. Amma ba ka dasa itace. Itace shaida ne. Ranar da aka je gaban mai gari ba a tsayawa dogon tarihin kakanni, sai a ce wa ya dasa, wa kuma ya ga an dasa bai yi magana ba. Shi ma mai ba da aron yana da tasa kunyar: ba ya leƙe, kada a ce gori ya zo yi ko ƙidayar ganye. Don haka shekara goma sha ɗaya Gwamna bai taɓa wuce ƙyauren nan ba. Ta saman danga ake miƙo masa salati da karoti, shi ma ta nan yake miƙa takin awakinsa. Ba don ciwo ya kada Malam ba, an kai shi Maraɗi an dawo da shi ƙafafu a kumbure, da yau ma ba zai shiga ba.

Kai, lambu ya yi lambu! Gwamna ya tsaya baki sake. Fangali-fangali a jere, kowanne da ɗan sandansa da takarda a kai, aikin malamin lakwal sak. Ga shu, wato kabeji, ya naɗe kai, ga alayyahu, ga tattasai ja wur. Can gefe kuma kayan ƙamshin da suka yi ta tsintowa tare a yawonsu na Lahadi: ɗoɗɗoya, tazargade, nobe, da na'a-na'ar da suke jefawa a shayi. Gwamna ya gane kowace, har ya tuna inda aka samo ta. Ya ba salati ruwa, ya ba albasa, ya koma rijiya ya sake cikowa. A ƙarshen lambun akwai wata zana a tsaye, soson yaɗo ya lulluɓe ta. Ya ce a ransa, mutum na kwance ba ya sanin abin da rana ke yi wa shukarsa, bari dai in duba. Ya kewaya bayan zanar da gwangwani a kowane hannu.

Mangwaro ne. Guda biyar, a jere tun daga wannan kusurwa har waccan, daidai kan iyakar kangon.

Da farko ma dariya ta so kama shi, don bai taɓa ganin mangwaro gajeru haka ba, ko kafaɗarsa ba su kai ba. Sai ya duƙa ya kama gindin ɗaya. Kaurin damtsensa. Ya ɗaga ido ya ga kan itacen, an datse, ya yi toho, an sake datsewa, tabon wuƙa a kan tabon wuƙa. Duk biyar ɗin haka suke. Wani ne ya yi shekaru yana hana su leƙo kan danga.

Gwangwanayen suka suɓuce daga hannunsa, ruwa ya jiƙa masa ƙafar wando, bai ma sani ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san itatuwan nan. Da kansa ya ɗauko su.

Duk garin an san su da yawon Lahadi. Malam Habibu ne ya zo da wannan ɗabi'a, mutum ya tashi da sassafe ya kama tafiya a ƙasa, ba kasuwa ba, ba gaisuwar mutuwa ba, sai don kawai a ga daji. Farko Gwamna ya ce wannan ai rashin aikin yi ne na masu albashi. Ya raka shi sau ɗaya don kunya, ya raka shi sau biyu, daga nan sai ya zama shi ne mai buga ƙofa tun kafin rana ta fito. Wata Lahadi su kewaye tabki, wata su bi gulbi, wata su nufi dajin wajen Gabi. Malam da jakar buhu yana tuge ganye yana tambayar sunansa, Gwamna da butar shayi da gawayi yana ba shi amsa, don ubansa Kyauta bai yi salla ba har ya mutu, amma babu ganyen da bai san amfaninsa ba. A wannan yawo babu abin da Gwamna bai faɗa wa Malam ba, har wanda bai faɗa wa uwar 'ya'yansa ba.

To a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, wata Lahadi suka miƙe har lambunan Safo. Can wani mai lambu, Idi, gwanin auren itace, ya ba Malam dashen mangwaro biyar cikin baƙar leda. Malam ya ce na filin lakwal ne, yara su samu inuwa. Gwiwarsa kuwa ta soma ciwo a hanya, sai Gwamna ya ari kwando ya jera su ya aza a ka. Tun daga Safo har Madarunfa, ruwan laka yana tsiyayo masa a wuya, yana tafe yana ba da labari. Bayan wata biyu ya tambaya ko sun kama. Malam ya girgiza kai ya ce awaki sun cinye.

Gwamna ya fito daga lambun bai ɗaure ƙyaure ba. Inde na tsaye a bakin ƙofarta da kwano a hannu. Ta dubi jiƙaƙƙen wandonsa, ta dubi hannunsa da babu gwangwani, ta juya ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Juma'a ce, ya je masallaci ya dawo, bai leƙa marar lafiya ba, shi da tun da aka dawo da Malam bai taɓa tsallake yini ba. Ya zauna a zaure yana ta jujjuya abu guda: ashe macijin ƙaiƙayi ya yi shekara huɗu yana shan shayi da shi.

Asabar bayan azahar Inde ta yi sallama a ƙofar zauren.

"Baban Hamisu, shina kiranka."

"Ina zuwa."

"Don Allah ka taho yanzu. Jikin ba daɗi."

Ɗakin yana warin magani da tazargade. Malam Habibu na kwance a kan gadon ƙarfe, an tokare masa baya da matasai, fuska ta zube, ƙafafu kuwa sun yi suntum. Rediyon da ba ya rabuwa da ita tana gefe a kashe. Inde ta shimfiɗa tabarma ta fita. Gwamna ya zauna nesa da gadon, ba inda ya saba ba.

"Ya jiki, Malam?"

"Da godiya. Ka shiga lambun?"

"Na shiga."

"Har baya?"

"Har baya. Na ga aikin awakin da sunka ci mangwaron lakwal. Awakin garin nan sun iya riƙon wuƙa, wallahi."

Malam ya rufe ido. Numfashinsa yana fita da ƙara. Da ya buɗe, bai kauce ba.

"Ba ni yi maka ƙarya yau, Gwamna. Da gangan na dasa, da gangan na ɓoye."

"Don mi?"

"Gidan ga na mai gari ne. Ranar da anka fid da ni, bayan takaba za a ba sabon malami. Allah bai ba mu haihuwa ba, ka sani. Dangin Inde can gabas duk sun ƙare, sai wani ɗan ƙane da bai san fuskarta ba. Ina za ta? Na so in bar mata inda za ta kafa ɗaki guda, wanda ba mai cewa ta tashi."

"A kan kangon ubana."

"A kan kangon ubanka."

"Ka roƙe ni? Lahadi nawa munka yi tare, Malam? Ko sau guda ka buɗe baki ka roƙe ni?"

"Da na roƙa, da ka ba ni?"

Gwamna ya kau da kai gefe. Wani ƙuda ya sauka a bakin kofin maganin, ya tashi, ya dawo.

"Wa ya gan su?" ya tambaya. Muryarsa ta yi ƙasa, don ya riga ya san amsar ba za ta yi daɗi ba. Itace ba ya zama shaida sai da idon mutane.

"Liman, da Ɗan Baba wanzami. Bara na shigo da su."

"Ka ce masu mi?"

"Na ce ka bar mani wurin."

"La'ilaha illallahu!" Gwamna ya dafa ƙasa da hannu biyu. "Da bakina? Ka ɗauki bakina ka yi magana da shi, ni ina nan ina miƙo maka taki ta kan danga kamar wawa? Ni na ɗauko su a kaina, Malam! Tun daga Safo! Kana biye da ni kana kallon laka na zubo mani a wuya, kana dariyar labarina!"

"Na sani. Ba ranar da ban tuna ba."

Hawaye ya gangaro daga gefen idon Malam ya shige cikin furfurar kunnensa. Ya miƙo hannu.

"Tahiya ta zo, Gwamna, ina jin ta a jikina. Na ci amanarka. Ka yahe mani."

Kowa ya san amsar wannan magana. Ko maƙiyinka ne ya faɗa maka ita a kan gadon ajali, cewa za ka yi na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba a jinkiri, ba a ciniki. Gwamna ya sha faɗa wa mutanen da ba su kai Malam a wurinsa ba. Yau kuwa kalmar ta zo har bakinsa ta tsaya cak. Ya dubi hannun nan da ya datse kan itatuwa shekara huɗu, zuciyarsa ta ƙi. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

"Allah shi ba ka lahiya," ya ce, ya sa takalmi ya fita.

A tsakar gida Inde na durƙushe gaban murhu, ba wuta a ciki. Ta ji komai. Bai dube ta ba, ita ma ba ta ce masa sai an jima ba.

Lahadi da asuba jikinsa ya tashe shi kamar kullum. Ya yi salla, ya ɗauki sanda, ya wuce ƙofar Malam ba tare da ya rage tafiya ba. Bai ɗauki buta ba, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Ya bi ta bayan gari ya faɗa hanyar da ke kewaye tabki.

Ruwa ya ja baya, mutane sun bi shi da shukar rani, ko'ina kore shar. Masunta na jan koma a bakin gaɓa. Wani daga cikinsu ya ɗaga hannu.

"Gwamna! Yau kai kaɗai? Ina abokin tahiyar?"

"Shina kwance."

"Ayya! Allah shi tashi kafaɗa. Ku biyun nan ai ba a ganin ɗaya ba ɗaya."

Ya ce amin ya ƙara sauri. Bai yi nisa ba wata mai tallar fura ta yi masa tambaya iri ɗaya, can gaba wani makiyayi ma haka. Kowa ya tambaya sai ya ji kamar an taka masa gyambo. Ya bar hanya ya shiga cikin gonaki don kada ya sake gamuwa da kowa, ƙaya ta yi ta kama masa wando yana fizgewa.

Tafiya yake yana shari'a shi kaɗai, har da nuna sanda. Ba ƙasar ce ta fi ƙona masa rai ba, ko da yake ita ma tana ƙonawa. Me zai ce wa Hamisu, yaron da ke dakon kaya a ƙasar mutane don ya zo ya yi gini inda kakansa ya zauna? Ya ce masa ubanka ya ɗauko igiyar da aka ɗaure shi da ita a kansa? In ya je gaban mai gari, ga liman ga Ɗan Baba za su ce sun ji da kunnensu, shi kuma ya zama mai jayayya da gawa da matar da ke takaba. In ya yi shiru, kango ya tafi. Ta ko'ina Malam ya ɗaure shi, ɗaurin mai ilimi. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne Lahadin nan duka. Yanzu wacce ce ta gaskiya a cikinsu? Ranar da ya yi kuka a gaban Malam saboda rasuwar 'yarsa, a bakin ruwan nan, ashe wuƙar datsar tana cikin jakar buhu?

Rana ta take tsaka ya isa gindin tsamiyar da suke yada zango a can ƙetaren tabki. Duwatsu ukun murhunsu suna nan da baƙin hayaƙi. Ya zauna, yunwa na cinsa, ba shayi ba abokin magana. Nan ne tambayar Malam ta same shi, ba inda zai gudu. Da ya roƙa, da ya ba shi? Gwamna ya juya ta gaba ya juya ta baya. Wallahi da bai ba shi ba. Da ya ce kangon na Hamisu ne, ya ba da haƙuri da kalmomi masu daɗi, ya ce Allah ba zai tozarta Inde ba. Malam ya san shi ciki da waje, shi ya sa bai tambaya ba. Wannan bai wanke Malam ba, ko kaɗan. Sai dai ya sa fushin ya yi nauyi ta wata fuskar, don yanzu har da kansa yake jin haushi.

Ya yi alwala a bakin ruwa ya yi azahar. Da ya shafa addu'a sai ya yanke shawara. Zai koma ya zauna kusa da gadon, inda ya saba. Zai ce masa, na yafe maka don kada ka tsaya da ni gobe gaban Allah, amma ka kira liman da Ɗan Baba yau ɗin nan, ka faɗa musu da bakinka ban bar maka ba. Inde kuwa, a bar ni da ita, ni na san abin da zan yi. Ya maimaita maganar sau uku har ta zauna masa daidai, sannan ya ɗauki sanda ya kamo hanya. Kewayen tabkin da nisa, ga gajiya, bai shigo gari ba sai da la'asar ta yi sanyi.

Tun daga bakin gari ya ga mutane jere suna tahowa daga wajen makabarta, wasu da fartanya a kafaɗa, wani da makara babu kowa a kai. Ƙafafunsa suka gane kafin kansa ya gane. Ɗan Baba wanzami ne ya fito daga cikin jerin ya kama shi da hannu biyu, ƙasa har gwiwarsa.

"Gwamna! Ina ka shiga? Mun aika gonarka, mun aika kasuwa, har Gabi anka tura mai keke!"

"Yaushe?"

"Da hantsi. Mun jira ka har bayan azahar, liman ya ce zafi ya yi yawa, ba a barin shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai haƙuri, Gwamna, kai anka yi wa mutuwa."

Gwamna ya tsaya riƙe da sanda. Mutane suka kewaye shi, wannan ya kama hannunsa, wancan ya dafa kafaɗarsa, kowa na cewa ya haƙuri, ya rashin aboki. Yana amsawa da ka.

"Kada ka damu da ba ka samu sallar gawa ba," in ji Ɗan Baba, yana jansa suna tafiya. "Da anka aje shi liman ya tambaya, kamar yadda aka saba, ko akwai mai wani haƙƙi a kanshi shi faɗa ko shi yahe. Kowa ya ce ya yahe. Sai liman ya ce ina maƙwabcinshi, shi ya fi kowa cancantar a ji bakinshi. Na ce haba Liman, Gwamna? Mutumin da ya ɗauki kangon ubanshi sukutum ya bar mashi? Tsakaninsu ba komi sai alheri, ni na amsa mashi, ya yahe duniya da lahira. Jama'a duk sunka ce Allah shi saka maka. Wallahi har wasu sunka yi hawaye."

Gwamna ya zare hannunsa a hankali. Sau biyu ke nan ana magana da bakinsa ba ya wurin. Maganar da ya shirya a gindin tsamiya tana nan daram a ƙirjinsa, ba wanda zai faɗa wa.

"Ka kyauta," ya ce.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam. Ya zauna aka yi addu'a, ya shafa. Can ya tashi ya shiga soro, ya tsaya daga bayan zanar da ta raba shi da mata, ya yi sallama. Aka ce wa Inde ga Baban Hamisu. Ya ji motsinta ta matso, muryarta ta dushe.

"Ya haƙuri, Inde?"

"Haƙuri sai Ma'aiki."

"Allah shi jiƙanshi."

"Amin." Ta rage murya yadda matan da ke bayanta ba za su ji ba. "Sau biyu ya tambaye ka. Da asuba ya ji wucewarka, ya san takunka. Ya ce yau Lahadi, ƙila ka buga ƙofa."

Gwamna ya ƙara damƙe sandarsa.

"Ni ban sa shi ba, Baban Hamisu, amma na sani tun ranar farko, ban kuwa hana shi ba. In ka sare su ba ni kai ƙara wurin kowa."

Ya tsaya yana kallon saƙar zanar. Ya juya ya fita ta bayan gida.

Ƙyauren lambun yana buɗe yadda ya bar shi. Kwana biyu ba ruwa, salati ya kwanta, alayyahu ya sunkuyar da kai. Ya kewaya bayan zana ya ɗauko gwangwanayen inda suka faɗi, bai ko kalli itatuwan ba. Ya je rijiya ya ciko. Ganye bai yi masa laifi ba. Ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya, albasa, shu, tattasai, tumatur, ya koma ya ciko, ya dawo. Mangwaro kuwa ya rantse a ransa ko ɗigo ba za su gani daga hannunsa ba, rana ta yi musu hukunci.

Na ƙarshe shi ne fangalin na'a-na'a da ɗoɗɗoya, wanda ke jikin zana. Ya bushe ƙwarai, don haka ya juye masa gwangwani biyu cur. Ƙamshi ya tashi. Yana shirin juyawa sai ya ga ruwan bai tsaya ba, yana taruwa a kusurwa guda yana ɓacewa ƙarƙashin ganye. Ya sa yatsan ƙafa ya ɗaga ganyen. Wata 'yar siririyar hanya ce, an shafe ta da fasassun tukwane tsaf, ta ratsa ƙarƙashin zana. Ya leƙa ta sama. A can baya ta rabu biyar.

Dunƙulen ƙasa guda ya isa ya toshe ta, ga shi nan kusa da diddigensa. Ladan ya soma kiran magariba, daga ƙofar gida ana jin masu zaman makoki suna tashi suna neman butoci. Gwamna na tsaye da gwangwani wofi a kowane hannu, yana kallon ruwan yana tafiya a hankali, yana tura ɗan busasshen ganye a gabansa, har ya isa gindin na farko, ƙasar wurin ta soma yin duhu.